Masarar kaka: a sayar yanzu ko a ɗinke buhu a jira damina?

Daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba, duk wanda ya shiga kasuwar Giwa, Saminaka, Dandume ko Soba zai tarar da buhunan masara jibge har bakin titi, kuma magana ɗaya zai ji a bakin manoma: farashi ya karye. Dalilin a fili yake. Kowa ya cire masararsa lokaci guda, kowa kuma buƙata ta taso masa lokaci guda. 'Yan ƙwadago na jiran haƙƙinsu, mai taki na jiran nasa, ga kuɗin makaranta, ga auren da aka ɗage sai kaka. Masu saye kuwa babu abin da ke korar su. A nan manomi ke tsayawa tsakanin hanya biyu: ya sallama yanzu ya huta, ko ya ajiye zuwa Yuni ko Yuli, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kuma masu kiwon kaji ke neman masara ido rufe.

Yawancin masu ba da shawara cewa suke yi a ajiye, ai kullum tana tashi. Rabin gaskiya ke nan. Ajiya tana da kuɗinta ko da a ɗakinka ka zuba, kuma ba kowace shekara take biyan wannan kuɗin ba. Abin da ke raba gardama abu biyu ne: nawa buhu ya tsaya maka, kuma kuɗin wane ne a cikin buhun, naka ko na bashi.

Nawa buhu ya tsaya maka?

Manomin da bai san wannan lissafi ba, duk farashin da dillali ya faɗa masa bai san ko riba ce ko faɗuwa ba. A ɗauki hekta ɗaya a yankin Zariya ko Lere. Shawarar masana ita ce kamfa mai 15-15-15 buhu 8 masu kilo 50, sai yuriya buhu 2 da rabi zuwa 3 a zubi na biyu. Iri kusan kilo 20, a shuka ƙwaya ɗaya a rami, santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin shuka da shuka, abin da zai ba da tsiro kusan 53,000. Sai huɗa, maganin ciyawa, feshin tsutsar nan mai cin kan masara da ta shigo ƙasar a 2016, ban ƙasa, cirewa, ɓarewa, injin casa, buhu da zare, da dako daga gona zuwa gida. Akwai kuma abubuwa uku da aka saba mantawa: hayar gona ko da taka ce, domin da ka bayar haya da ka karɓi kuɗi, aikin da kai da yaranka kuka yi, da abincin da aka dafa wa ma'aikata.

Lambobin da za su biyo baya misali ne kawai don a ga yadda lissafin ke tafiya, kowa ya cire su ya sa nasa. A ce duka hektar ta ci naira 900,000. Idan ka samu buhu 40 masu kilo 100, kowanne ya tsaya maka 22,500. Idan 30 ka samu, 30,000. Idan ruwa ya ɗauke lokacin da take fitar da gemu, ko wuta-wuta ta kama gonar, ka tashi da 18, buhu ya tsaya maka 50,000. Kuɗin da aka kashe ɗaya ne, yawan amfani ne ya bambanta. Shi ya sa a kasuwa ɗaya, rana ɗaya, farashi ɗaya, wani ke komawa gida yana murna wani yana salati. Matsakaicin abin da ake samu a Najeriya bai cika wuce tan 2 a hekta ba, wato buhu 20, alhali mai ingantaccen iri irin su SAMMAZ na cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wanda ya zuba taki a kan lokaci, yana iya ninka wannan.

Kada a manta da zakka. Nisabin hatsi kusan kilo 650 ne, wato buhu 6 da rabi. Noman damina ɗaya cikin goma ake fitarwa, na ban ruwa da inji ɗaya cikin ashirin. Mai buhu 30 zai fitar da 3, saura 27, kuma a kan 27 ɗin zai raba kuɗin da ya kashe: buhu ya koma kusan 33,300. Sannan a ware abincin gida na shekara tun kafin a fara maganar kasuwa. Babu asarar da ta kai ta mutumin da ya sayar da arha a Nuwamba ya dawo yana awo da tiya a Agusta.

Abin da ke cikin sayarwa a kaka

Amfaninta ba ya buƙatar dogon bayani. Kuɗi a hannu, babu fargabar ƙwari, ɓera, gara, gobara ko ɓarawo, kuma a wuraren da tsaro ya taɓarɓare wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin rumbu cike a ƙauye yana jawo ido. Akwai kuma wata riba da ba a cika lura da ita ba. Masarar da aka cire ba da daɗewa ba tana da sauran ruwa a jikinta, don haka ta fi nauyi kuma ta fi cika buhu. Wanda ya sayar a lokacin ya sayar har da ruwan. Masu saye sun san haka, yana ma cikin dalilan da suke karya farashi, amma ba kullum ragin da suke yi yake kai yawan ruwan ba.

Illarta ita ce kana sayarwa a ranar da kowa ke sayarwa, ba ka da bakin ciniki. Idan ka riga ka biya mota ka sauke kaya a kasuwa, dillali ya san ba za ka so ka sake biyan mota ka mayar gida ba. Ga la'ada, ga kuɗin 'yan dako na saukewa, ga kuɗin shiga kasuwa, duk daga jikin buhun suke fita. Saboda haka farashin da za ka kwatanta da komai shi ne abin da ya rage a aljihunka bayan ka koma gida, ba wanda aka ambata a rumfa ba.

Mafi muni a wannan ɓangare shi ne sayarwa tun masara tana gona, abin da a wasu wurare ake kira falle: a ba ka kuɗi a Yuli lokacin da taki ya gagara, ka biya da buhu a kaka. Mai ba da kuɗin yakan yanke farashin da ya yi ƙasa ko da na kakar. Idan babu makawa, a rubuta komai a gaban shaidu: yawan buhu, nauyin kowanne, irin masarar, ranar bayarwa da wurin bayarwa. Wannan shi ne sharaɗin cinikin salam a fiƙihu, kuma shi ne ke hana rigima idan damina ta zo da gardama.

Kuɗin ajiya, dalla-dalla

A ci gaba da misali. Buhu yana 30,000 a Nuwamba, kana son kai shi Yuni, wata 7. Buhun ajiya ko magani, a ce 2,500. Dako, katakon da za a jera kaya a kai da hayar sito, a ce 1,500. Ya zama 34,000.

Sai ramewa. Wannan ba zato ba ne, lissafi ne. Masarar da ke da danshi kashi 18 cikin 100, idan ta bushe ta koma kashi 13 da ake so don ajiya, kilo 100 zai koma kusan 94. Idan daga kashi 20 ta taso, kusan 92. Wanda ke sayarwa da buhu ba da sikeli ba zai ga abin ta wata fuska: buhunan sun saki, sai an farke wasu an yi wa sauran ciko, buhu 100 ya dawo 94. Idan aka raba 34,000 a kan abin da ya rage, sai buhu ya kai kusan 36,200 a Yuni kafin ka dawo inda kake a Nuwamba. Wato tashin kashi 21 cikin 100 na farko ba riba ba ne, mayar da kuɗin ajiya ne.

Yanzu a sa bashi a ciki. Idan kuɗin noman rance ne mai ruwa, a ce kashi 3 cikin 100 a wata, ban da abin da addini ya faɗa a kan irin wannan rance, wata 7 zai ɗora 6,300 a kan kowane buhu. Farashin da za ka fara numfashi a kansa ya koma kusan 42,900, tashin kashi 43 cikin 100. Akwai shekarun da masara ke yin wannan tashi har ta wuce, akwai kuma waɗanda ba ta ko kusa. Mai bashi da ya ajiye masara caca yake yi da kuɗin wani. A ganina ya sayar da abin da zai sauke bashin tun a kaka, ko farashin bai yi masa daɗi ba, ya ajiye abin da ya zama nasa zalla.

Ko wanda babu bashi a kansa ya tambayi kansa me kuɗin zai yi masa cikin wata 7. Idan yana noman rani, ko yana sayen raguna ya yi kiwo kafin babbar salla, mai yiwuwa kuɗin ya fi haihuwa a can fiye da cikin buhu. Ma'aunin da ya fi dacewa da manomi ma ba naira ba ce, taki ne: buhun masara nawa ke sayen buhun kamfa ɗaya yau, nawa zai saya a Yuni? Taki yakan yi tsada daidai lokacin da kowa ke nemansa. Idan masara ta tashi da kashi 25 amma taki ya tashi da 30, wanda ya sayar a Janairu ya sayi takinsa ya jera a kan katako a ɗaki busasshe ya fi wanda ya jira.

Inda ajiya ke lalacewa

Duk lissafin da ke sama ya ɗauka cewa masarar za ta fito lafiya. Yawancin asarar ajiya daga danshi take farawa. A shanya a kan tamfol ko daɓen siminti, ba a ƙasa ba, har ta sauka zuwa kashi 13 ko ƙasa. Wanda ba shi da na'urar gwajin danshi yana iya amfani da gishiri: a samu kwalba busasshiya, a zuba masara da gishiri busasshe, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalbar, da sauran ruwa, a mayar rana. Cizo da haƙori yana taimakawa, busasshiya tana fashewa da ƙara, amma gwajin gishiri ya fi shi tabbas.

Masara mai danshi a rufe takan yi zafi ta yi fumfuna, kuma wani nau'in fumfunar yana haifar da gubar afulatoksin, wadda ke lalata hanta, ba ta kuma fita da wanki ko dahuwa. Manyan masu saye suna gwada ta, suna kuma mayar da kaya saboda ita. Maganinta tun daga gona yake: kada a bar masarar da ta faɗi ta kwana a ƙasa, a tsince ruɓaɓɓun goyo kafin casa, kuma akwai Aflasafe, maganin rage wannan guba da cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar, ana watsa kilo 10 a hekta mako 2 zuwa 3 kafin masara ta fara fure.

Wajen ƙwari, zaɓi biyu ne a gaban mafi yawan manoma. Na farko buhun PICS mai rufi uku, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara fito da shi don wake. Ba a sa masa magani, rashin iska ne ke kashe ƙwarin. Sharaɗinsa a duba ledojin kafin zubi ko akwai huda, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, kada kuma a riƙa buɗewa ana leƙawa. Huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin. Ya fi tsada a farko, amma yana yin shekara 2 zuwa 3 idan aka kula da shi, kuma shi ya fi dacewa da abincin gida. Na biyu ƙwayar hayaƙi irin su Phostoxin. Ta fi arha ga mai kaya da yawa, amma sai a wurin da za a rufe ruf da tamfol, kuma ƙarfinta na ƙarewa, ƙwari na iya dawowa bayan wasu watanni, sai an sake sawa. Hayaƙinta yana kashe mutum. Ba a sa ta a ɗakin kwana, ko ɗakin da ya haɗa bango da inda yara ke barci. Zuba maganin feshin gona ko na sauro kai tsaye a cikin hatsi kuwa zalunci ne ga wanda zai ci.

A jera buhuna a kan katako, a bar tazara tsakaninsu da bango, a duba rufin ɗaki kafin ruwan farko.

Shekarar da lissafi ya juye

An saba ganin farashi ya yi ƙasa a kaka, ya fara motsi daga Fabrairu ko Maris, ya kai ƙololuwa tsakanin Yuni da Agusta, sannan ya sauko idan sabuwar masarar kudu da ta tsakiyar ƙasa ta fara shigowa. Amma abubuwan da ba su da alaƙa da gonarka suna iya rusa wannan tsari. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira sun ɗaga kuɗin taki, dako da masarar kanta, waɗanda suka ajiye a lokacin suka samu riba mai yawa. A Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150. A 2025 farashin ya yi ta sauka maimakon hawa, kuma da yawa daga waɗanda suka cika sito a kakar 2024 sun sayar ƙasa da yadda suka saya, alhali taki bai sauko tare da ita ba.

Iyaka ma tana da tasiri. 'Yan kasuwar Nijar suna ɗibar masara daga Dawanau da wasu kasuwanni ta Jibiya, Maigatari da Illela, don haka rufe iyaka, kamar yadda aka yi a Agustan 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ko sauyin canjin sefa, yana taɓa farashi har cikin ƙauyen Kaduna. Haka idan cutar murar tsuntsaye ko tsadar abinci ta sa gidajen kaji suka rage kiwo, babban mai sayen masara ne ya ja baya. Babu manomin da zai iya hango waɗannan duka. Abin da zai iya shi ne kada ya ɗora dukan amfaninsa a kan wata ɗaya.

Wa za a sayar wa: buhu ko sikeli?

Wannan tambaya ta kusa kai ta farko muhimmanci. A kasuwar ƙauye da buhu ake ciniki, kuma buhu ba ma'auni ba ne tsayayye. Ana cewa kilo 100, kusan tiya 40, amma idan mai saye ya zo da nasa buhun aka danna aka ɗinke baki da toliya, yana iya kai 110. Buhun 30,000 mai kilo 110 yana nufin ka sayar da kilo a kan kusan naira 273, ba 300 ba. A buhu 50, buhu 5 ka bayar kyauta. Duk mai masara da yawa ya mallaki sikelin rataye, ya auna kayansa a gida kafin ya fita.

Kamfanonin abincin kaji da na sarrafa hatsi, irin su Olam da ke Chikun a Kaduna ko Grand Cereals a Jos, da masu tara musu kaya, da kilo suke saye. Idan suna biyan 290 a kilo, wancan buhun mai 110 ya zama 31,900. Sai dai farashin na bakin ƙofarsu ne, dako a kanka yake. Za a soka buhu a gwada danshi, a duba tsakuwa, ƙura, totuwa da karyayyar ƙwaya, a rage nauyi gwargwadon abin da aka gani. Biya ba lallai a ranar ba. Kuma da mota suke so, tirela ɗaya kusan tan 30, buhu 300, abin da ya fi ƙarfin mai hekta 2 sai idan ƙungiya aka haɗa. Babban haɗarin shi ne a ƙi karɓar kaya bayan mota ta isa: ka biya dako, direba na jira, dole ka sayar wa duk wanda ya taya. Saboda haka a aika samfuri tukuna, a ji sharuɗɗan a rubuce, kuma a ƙungiya a gwada buhun kowa kafin lodi, domin ɗanyar masarar mutum ɗaya tana iya jawo a mayar da ta mutum ashirin.

Akwai hanya ta tsakiya, wato kai kaya sito irin na AFEX, kamfanin hada-hadar amfanin gona, a auna, a tantance, a ba ka takardar shaida, ka sayar lokacin da ka ga dama. A Nijar ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna kulle hatsi a sito da kaka, su karɓi rance a kansa, su buɗe idan farashi ya tashi. Tsarin yana magance matsalar buƙatar kuɗi da ta ƙwari, amma ba ya kare ka daga faɗuwar farashi, kuma kuɗin hayarsa sai ya shiga lissafin da aka yi a sama.

Ɗanyar masara ta gashi da dafuwa kasuwa ce daban. Mai ban ruwa a Kadawa ko bakin fadama kusa da gari yana iya cirewa a kwana 70 zuwa 80, ya sayar da ƙirge, ya huta da shanya da casa, ya kuma sayar da ɗanyen kara ga masu dabbobi. Amma ba ta jira: kwana 2 zuwa 3 zaƙinta ya tafi, don haka sai an samu mai saye kafin a karya.

Yadda za a raba

Ga manomin da ke da buhu 27 bayan zakka, tsarin da ya fi kwanciyar hankali shi ne kashi uku marasa daidaito. Abincin gida a buhun PICS, ba a taɓa shi ko farashi ya ninka. Sai abin da zai biya bashi da buƙatun kaka, a sayar, amma idan da hali a ja shi zuwa ƙarshen Disamba ko Janairu, lokacin da cunkoson kasuwa ya ragu kuma masarar ta gama bushewa. Ragowar ita ce ta ajiya, kuma tun ranar ɗinke buhu a rubuta farashin da ya mayar da kuɗin ajiya, da wanda idan an kai shi za a fara sayarwa.

Idan kasuwa ta kai wannan farashi a Afrilu, a fitar da kashi ɗaya cikin uku a sayi taki da iri. A sake fitar da wani a Yuni. Abin da ya rage kada ya wuce tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, domin daga lokacin iska ta cika da laima, ƙwari sun yi ƙarfi, sabuwar masara kuma tana hanya daga kudu. Idan kuwa Maris ya wuce farashi bai motsa daga na kaka ba, ko an ji labarin ana shigo da masara daga waje, a fara ragewa tun lokacin, mako-mako, kada a jira Yuni.